Mu Raba Rauni da Barazana Kafin Mu Zana Gida Huɗu a Allo

Majalisar zartarwa ta reshenmu ta kawo shawarar cewa kafin a rubuta tsarin aiki na shekaru masu zuwa, a zauna a yi wa reshen irin nazarin nan da ake kira SWOT. Tun da maganar ta fita ake tattauna ta a ofisoshin malamai da gindin bishiyoyin da muke fakewa idan an tashi tara. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, domin a cewarsu babu malamin da bai san abin da ke damunsa ba. Wasu kuma na ganin kayan aro ne daga kamfanoni, bai dace da ƙungiyar ƙwadago ba. Ni ina cikin masu goyon bayan a yi, amma da sharaɗi guda: mu yarda mu faɗi rauninmu da sunansa na gaskiya. Idan ba za mu iya wannan ba, gara a bar kuɗin takarda da na ruwan sha a asusun ƙungiya.

Ga wanda bai taɓa cin karo da shi ba, abin ba shi da wuya. Sunan ya samo asali ne daga haruffan farko na kalmomin Ingilishi huɗu, waɗanda ma'anarsu ita ce ƙarfi, rauni, dama da barazana. Ana raba allo ko takarda gida huɗu, a rubuta kowanne a gidansa. Biyun farko, wato ƙarfi da rauni, abubuwa ne na cikin gida, waɗanda ke hannun mutum ko ƙungiya. Biyun ƙarshe kuwa, dama da barazana, daga waje suke zuwa, babu wanda ya nemi izininka kafin su zo. Dabarar ta yi tashe ne a Amurka a shekarun 1960, tsakanin masu koyar da ilimin gudanar da kasuwanci a Jami'ar Harvard da masu bincike na cibiyar Stanford, daga nan ta bazu zuwa ma'aikatun gwamnati da makarantu da ƙungiyoyin sa-kai. Duk malamin da ya taɓa zama a kwamitin tsara ci gaban makaranta, ko ya halarci bitar da masu ba da agaji suka shirya, da wuya a ce bai ga an zana waɗannan gidaje huɗu ba.

Sauƙin nan nasa shi ne kuma tarkonsa. A 1997 wasu masana biyu a Ingila, Terry Hill da Roy Westbrook, sun bi diddigin kamfanoni 50, suka tarar fiye da 20 daga cikinsu sun yi irin wannan nazari. Abin da suka gano ya kamata ya tsorata mu. Kamfanonin sun tara dogayen jeri, a matsakaici sama da abubuwa 40, mafi yawa kalmomi ne na gama-gari, ba a tantance gaskiyarsu ba, ba a kuma ce wanne ya fi wanne muhimmanci ba. Mafi muni, bayan an tashi taron babu kamfanin da ya koma ya yi amfani da jerin wajen yanke shawara. Waɗannan kamfanoni ne da suka biya ƙwararru kuɗi. Mu da za mu yi namu a ajin firamare ranar Asabar, muna iya faɗawa rami ɗaya da su cikin sauƙi.

Ramin da ya fi kusa da mu, a ganina, shi ne rikita rauni da barazana. Ku gwada a kowane taron malamai. Ku ce a faɗi raunin ƙungiya, za ku ji ana cewa ba a biyan albashi a kan kari, an riƙe ƙarin girma, ba a biya kuɗin hutu ba, ajujuwa sun cika sun batse, rufin makaranta ya yaye, 'yan fansho na mutuwa a layi. Duk gaskiya ne, kuma duk ciwo ne da muke kwana da shi. Amma babu ko ɗaya cikinsu da yake rauninmu. Waɗannan abubuwa ne da wasu ke yi mana, gurbinsu shi ne gidan barazana. Idan muka zuba su a gidan rauni, sai mu tashi taro muna jin mun yi wa kanmu hisabi, alhali gwamnati muka yi wa. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai ma'auni mai sauƙi da zan so mu riƙe. Duk abin da aka ambata, a tambaya: shin za mu iya gyara shi da kanmu, ba tare da sa hannun gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ko sakataren ilimi ba? Idan amsar ita ce e, to namu ne, ko ƙarfi ko rauni. Idan a'a ce, na waje ne. Wannan tambaya kaɗai za ta rage jerinmu da rabi, ta kuma bar mana abin da ba mu cika son kallo ba.

Babu inda wannan darasi ya fito fili kamar abin da ya faru a Jihar Kaduna. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta sanya kashi 75 cikin 100 a matsayin makin tsallakewa, sannan ta sanar cewa 21,780 ba su kai ba, za a sallame su. Ƙungiyarmu ta yi tsayin daka. Hujjarta mai ƙarfi ce: doka ta ɗora alhakin tantance wanda ya cancanci zama malami a kan Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa tun 1993, kuma makin da aka sanya ya yi tsauri. An je kotu, an yi zanga-zanga, an shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. Bayan kwanaki kaɗan aka janye, gwamnati kuma ta ci gaba da abin da ta ƙudurta, ta shiga ɗaukar sababbin malamai. A 2022 aka sake yin wata sallamar ta mutum 2,357 bayan wani gwajin, har da shugaban ƙungiyarmu na ƙasa na lokacin, wanda aka haɗa da shi saboda bai zauna jarrabawar ba.

Kowa na da ra'ayinsa kan adalcin abin da aka yi, ni ma ina da nawa, kuma ban yarda cewa korar dubban magidanta a rana ɗaya ita ce hanyar gyara ilimi ba. Sai dai tambayar da ta shafe mu a nan daban ce. Me ya sa muka rasa goyon bayan jama'a a lokacin da muka fi bukatarsa? Amsar tana cikin takardun amsa da gwamnati ta baza a kafafen sada zumunta. Iyaye sun ga rubutun wasu da ke koyar da 'ya'yansu, sun ga sun kasa amsa tambayoyin da aka ce na 'yan aji huɗu ne. Daga wannan rana duk wata hujja ta doka da muka kawo sai ta zama kamar kare ɓarna a idon uban da ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Barazanar daga waje ta zo, wannan haka yake. Amma ta sami ƙofa a buɗe ne saboda raunin da ke cikin gida, raunin da kowane hedimasta ya sani, kowane wakilin ƙungiya ya sani, aka yi shiru don kada a ɓata wa juna rai. An ɗauki mutane aikin koyarwa da takardar ɗan siyasa, mun gani, muka karɓi kuɗin ƙungiya daga albashinsu, ba mu taɓa tambayar yadda za a taimake su su iya aikin ba. Da reshen kowace ƙaramar hukuma ya rubuta wannan a gidan rauni shekaru biyar kafin gwajin, ya kuma yi wani abu a kai, da labarin ya sha bamban. Mu da abin bai faɗo kanmu ba tukuna, gemun ɗan'uwanmu muka gani yana ci da wuta.

To mene ne ainihin ƙarfinmu? Muna da shi, kuma ba kaɗan ba. Ƙungiyar nan tun 1931 take, lokacin da aka kafa ta a Legas ƙarƙashin jagorancin Rabaran Ransome-Kuti, ta girmi ƙasar kanta a matsayin mai 'yancin kai da kusan shekara talatin. A Arewa ma malamai ne suka fara haɗa kai tun a ƙarshen shekarun 1940, da Malam Aminu Kano a sahun gaba, kuma daga allo da alli Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari suka fito. Babu wata ƙungiyar ma'aikata da ke da mutum a kowace mazaɓa, a ƙauyen da babu asibiti babu ofishin 'yan sanda, kamar tamu. Muna da kuɗin shiga da ake cirewa kai-tsaye daga albashi kowane wata, abin da ƙungiyoyi da yawa ke mafarki. A cikinmu akwai gogaggun malaman lissafi da Ingilishi da Hausa da Larabci waɗanda suka shekara ashirin ko talatin suna yaye ɗalibai. A ƙauyuka da dama har yanzu malam ne ake kai wa takarda ya karanta, shi ake nema idan za a rubuta koke.

Amma a nan ma sai an yi hattara, domin gidan ƙarfi shi ne inda aka fi yin kirari. Za a ce muna da yawa. Nawa ne mu? Idan yau aka tambayi sakataren reshe adadin mambobi, da makarantar kowa, da matakin albashinsa, da shekarar da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe, da ko yana da lasisin TRCN mai aiki, zai iya fito da takarda ɗaya da ta ƙunshi wannan? Idan ba zai iya ba, to yawan namu ƙarfi ne da ba mu riƙe linzaminsa ba, kuma rashin wannan rajista shi ne rauni na farko da zan so a rubuta. Duk lokacin da aka kafa kwamitin tantance ma'aikata, ana neman na bogi, sai a tsallake sunayen malamai na gaskiya, a tsayar musu da albashi wata da watanni. Mu kuma mu tafi ofis da baki kawai, su kuwa suna da takarda. A teburin sulhu mai alƙaluma ne ke jan zaren magana. Wannan gyara ba ya bukatar izinin kowa. Wakili ɗaya a kowace makaranta, fom ɗaya, kwamfuta ɗaya, da wata biyu na haƙuri.

Akwai wasu raunukan da suka fi wannan ɗaci. Malamai mata suna da yawa a makarantunmu, musamman na cikin gari, amma a dubi kujerun taronmu. Muna sa taro bayan la'asar, a ja shi har magariba, sannan mu ce mata ba sa son harkar ƙungiya. Malaman karkara kuwa sai labari ya tsufa yake isa gare su, kuma kuɗin mota ya hana su zuwa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Bayanin kuɗin ƙungiya ba kullum ake karanta shi dalla-dalla ba, abin da ke haifar da zargi ko da babu ɓarna. Ina faɗin wannan ba don ina tuhumar kowa ba, sai don zargin da ba a kashe shi da takarda ba yakan ci amana kamar yadda gara ke cin azara. Sannan ga babban: makaminmu kusan guda ɗaya ne, yajin aiki. Makami ne halattacce, kuma da shi aka ƙwato mafi yawan abin da muke ci a yau. Sai dai kowane yaji yana tura wasu iyaye su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, waɗanda ba sa dawowa, kuma waɗanda ke tafiya su ne masu baki a gari. Ana haka sai makarantar gwamnati ta zama ta waɗanda ba a jin kukansu, mu kuma mu rasa masu tsaya mana.

Idan aka zo gidajen waje, wahalar daban ce. Abu ɗaya yakan zama dama ta wata fuska, barazana ta wata. A ɗauki hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya. 'Yan ƙasa da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma dattawan cikinmu sun tuna abin da ya faru bayan 1991, lokacin da aka rushe Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa da aka kafa a 1988, aka miƙa albashin malamai ga ƙananan hukumomi. An shiga watanni ba albashi, yaji ya bi yaji, har sai da aka maido da hukumar a 1993. Ba ma sai an koma can ba: a 2025 malaman firamare na Abuja, waɗanda albashinsu ke hannun majalisun yankuna, sun shafe fiye da wata uku a gida kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024. Wannan barazana ce a fili. Amma idan kuɗin zai sauko ƙaramar hukuma, to teburin ciniki ma ya sauko kusa da mu, ya baro babban birnin jiha. Reshe irin namu, wanda a da aikinsa isar da saƙon uwar ƙungiya, zai iya wayar gari shi ne ke zama gaba da gaba da shugaban ƙaramar hukuma. Shin muna da mutum uku da suka iya karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, su faɗi nawa ya shigo, nawa ne jimillar albashin malamai? Idan muna da su, hukuncin dama ne. Idan babu, barazana ce tsantsa. Kun ga yadda abin waje ke canza launi gwargwadon abin da ke cikin gida.

Haka batun shekarun ritaya. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta mayar da su shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, kodayake aiwatarwa ta danganta da kowace jiha. Ga malamin da ke gab da ajiye alli yana da yara a jami'a, wannan rahama ce. Ga matashin da ya gama NCE yana zaune yana jiran gurbi, ko ƙaramin malami da ke jiran kujerar hedimasta, jinkiri ne na shekara biyar. Dukansu namu ne ko za su zama namu. Nazarin da dattawa kaɗai suka yi zai sa wannan a gidan dama ba tare da tunani na biyu ba.

Wata damar da muke barin ta wuce ita ce ta Hukumar Ilimin Bai-ɗaya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, a ciki har da kason horar da malamai. Duk shekara ana yin bita da wannan kuɗi. Wa ke zuwa? Sau da yawa fuskoki ɗaya ne, saboda alawus. Reshen da ke da rajistar mambobinsa zai iya zuwa wurin sakataren ilimi da sunayen waɗanda suka fi bukatar horon, ya nemi a sa su. Ga kuma gargaɗi game da dama: tun da ba taka ba ce, ana iya ɗauke ta. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, malaman Hausa suka ga gari ya waye. A ƙarshen 2025 aka soke manufar. Wanda ya yi amfani da tsakanin ya ƙware a koyar da karatu da Hausa, ƙwarewarsa na nan tare da shi. Wanda ya tsaya jiran littattafai daga Abuja ya tashi a tutar babu.

Rashin tsaro ban ga amfanin tsawaita shi ba, domin babu wanda zai manta da shi a jerin barazana bayan Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga. Abin tambaya kawai shi ne me ke hannunmu a ciki: lambobin wayar juna, hanyar isar da gargaɗi cikin gaggawa, da asusun tallafa wa iyalan wanda abin ya shafa.

Wannan ya kawo mu ga matakin da yawancin masu nazarin ke tsallakewa. Cika gidaje huɗu rabin aiki ne. A 1982 wani malamin jami'a a Amurka, Heinz Weihrich, ya nuna cewa amfanin yana fitowa ne idan aka haɗa gidajen biyu-biyu, a tambayi wane ƙarfi zai kama wace dama, wane ƙarfi zai tare wace barazana, wane rauni ne zai sa barazana ta yi mana illa. Mu gwada da namu. Barazana: gwajin cancanta na iya zuwa kowace jiha a kowane lokaci. Rauni: akwai mambobin da ba za su tsallake ba. Ƙarfi: muna da ƙwararrun malamai, muna da ajujuwa da babu kowa ranar Asabar, muna da kuɗin ƙungiya. Idan aka haɗa ukun, abin yi ya fito da kansa: reshe ya buɗe ajin ƙara wa juna sani, malami ya koyar da malami, cikin sirri da mutunci, ba tare da an kai sunan kowa ofis ba. Za a biya masu koyarwa ɗan kuɗin mota daga asusu. Ban san wani amfani da za a yi da kuɗin mambobi da ya fi kare aikinsu ba. Kuma ranar da gwamnati ta zo da maganar gwaji, za mu tare ta da shaidar cewa mun riga ta fara gyara, iyaye kuma su zama shaidunmu.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma damuwarsu tana da tushe. Za su ce idan muka rubuta rauninmu, takardar za ta faɗa hannun waɗanda ke neman dalilin korarmu. Amsata ita ce, ofishin ilimi ya riga ya san waɗanda ba su iya aiki ba, domin ta can aka ɗauke su. Mu kaɗai ne ke yin kamar ba mu sani ba. Duk da haka babu laifi a yi zaman a rufe, a bar gidan rauni a littafin majalisa, a fitar wa jama'a da abin da za a yi kawai. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Masu cewa dabarar ta kamfanoni ce su ma suna da rabin gaskiya. Makaranta ba kanti ba ce, ɗalibi ba mai saye ba ne, kuma nazarin ba ya gaya maka abin da ya dace ka so. Hoton rana ɗaya ne kawai, wanda ke tsufa da wuri, kuma ingancinsa ya dogara ga waɗanda ke cikin ɗakin. Idan 'yan majalisar zartarwa kaɗai suka zauna, za su rubuta shugabanci nagari a gidan ƙarfi, su rubuta rashin haɗin kan mambobi a gidan rauni, a tashi ana tafi. Dole a kira malamar aji ɗaya, da malamin da ke tafiyar kilomita goma a babur, da wanda aka ɗauka bara. Zan ma so a gayyaci iyaye biyu ko uku daga kwamitocin kula da makarantu, a tambaye su yadda suke ganinmu, a kuma daure a saurara har su gama.

Abin da ya shafi reshe ya shafi kowane malami a karan kansa, kuma wannan ba ya jiran taro. Takarda ɗaya ce da dare ɗaya. Ɗan'uwa mai NCE da ya shiga aiki a mataki na bakwai ya san cewa a jihohi da dama akwai matakin da ba zai wuce ba sai ya ƙaro digiri. Dokar matakin barazana ce, ba shi ya yi ta ba. Rashin digirin rauni ne, a hannunsa yake. Dama kuwa tana nan: Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take koyarwa daga nesa, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ga shirye-shiryen lokacin hutu na kwalejojin ilimi. Jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yin ta, don haka wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya rubuta wannan a gidan rauni, ya nemi wani cikin tsofaffin ɗalibansa ya nuna masa, babu abin kunya. Wanda bashin banki ke cinye rabin albashinsa kafin ya taɓa shi ya rubuta adadin da ranar ƙarewarsa. Wanda ya rage masa shekara bakwai ya tambayi kansa ko ya taɓa duba abin da ke asusun fanshonsa, ko takardunsa na ɗaukar aiki da na ƙarin girma suna wuri ɗaya. Mun sha ganin dattijo ya yi ritaya, a nemi takardar da aka ba shi shekara talatin da suka wuce, a rasa. Gidan ƙarfi kuma kada a bar shi fayau don kawaici. Malamin da yara ke iya karatu a hannunsa cikin zango biyu yana da abin da ba kowa ke da shi ba, kuma ya kamata ya san darajarsa. Mai gona, mai kiwo, mai ɗinki, mai iya gyaran waya, duk jari ne da za a iya tsara shi tun kafin ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Wahalar nazarin kai ita ce mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Shawarata a nan ita ce kowa ya nemi aboki ɗaya da ya amince da shi, ya zauna masa a aji na darasi guda, sannan ya gaya masa gaskiya. Mun saba da sufeto mai zuwa neman laifi, shi ya sa muke ƙin a shigo mana aji. Ido na ɗan'uwa daban ne.

Ga abin da nake roƙon majalisa ta amince da shi kafin ranar zaman. Kada kowane gida ya wuce abu uku. Duk wanda ya kawo magana ya kawo shaidarta, ko adadi, ko takarda, ko misalin da mutum biyu za su gaskata. Kalmomi irin su jajircewa da haɗin kai da rashin kishi a bar su a waje, sai an fassara su zuwa abin da ake iya ƙirgawa. Duk raunin da aka rubuta a sa sunan wanda zai jagoranci gyaransa da watan da zai kawo rahoto. A sa zaman da safe ranar Asabar, a biya wa wakilan karkara kuɗin mota, a kuma tashi kafin azahar. Sannan a taron reshe na zango mai zuwa, bayan addu'ar buɗewa, abu na farko a ajanda ya zama sakatare ya ɗauko wannan takarda ya karanta ta, a tambayi kowane mai suna a ciki inda ya kwana.